Sustar da Abu Maryam Ya Nema

Ranar nan ina zaune a teburina na ji ɗayanku yana ce wa abokinsa wai aikin Ammi Idi, wato ni, ba wani abu ba ne, ka buɗe bindiga, ka zare susta, ka cusa wata mai ƙarfi, shi ke nan. Ban tanka ba, domin a lokacin akwai ɗan noti a leɓena, in na yi magana sai in haɗiye shi. Yanzu da bakina ba komai, ku matso ku ji. Ku samarin filin wasan harbin nan kuna da kirki, kuna gaishe ni, kuna kawo mini ruwan sanyi, amma kun raina bindigar ƙwaya don kun ga ƙwayar roba take tofarwa. Abin wasa ce, ban musa ba. Sai dai ido bai san wasa ba, haƙori ma bai sani ba.

Ni ba da bindiga na fara ba. Da dafur na fara, wato risho mai famfo, wanda iyayenmu mata suke girki da shi a Karantina, unguwarmu ta nan Jidda, kafin tukunyar gas ta game gari. Ina ɗan saurayi mahaifina ya kai ni wurin Usta Bashir a unguwar Hindawiyya, Usta kuwa shi ne yadda ake kiran ƙwararren mai sana'a. Bahaushen Sudan ne, dogo, maganarsa ba ta da yawa, shagonsa kuwa in mutum biyu suka shiga na uku sai ya tsaya a waje. Yana gyaran dafur da keken ɗinki da lema da famfon ba taya iska, duk wani abu mai susta ko jilda a cikinsa. Susta ita ce wayar nan mai naɗi da ake dannawa ta dawo, jilda kuwa 'yar fata ce ko roba da ke hana iska zurarewa. Aikin da ya fara ba ni shi ne yanka jildar famfon dafur daga harshen tsohon takalmi. In yanka, in jiƙa ta da mai, in sa, shi kuma ya danna famfon ya kara kunnensa, ya girgiza kai. Wata da watanni yana girgiza mini kai. Ranar da bai girgiza ba, sai kawai ya miƙo mini wani dafur ɗin.

Bindigogin ƙwaya da wata Ƙaramar Sallah suka shigo mana. Safiyar tana nan a idona. Mun dawo daga idi rana ba ta yi zafi ba tukuna, an yayyafa wa lungunan Karantina ruwa, ƙanshin turaren wuta yana fitowa daga kowace ƙofa, sai ga ƙasa ta cika da 'yan ƙwayoyi rawaya kamar an zubar da gero. Yara a kan rufin gidaje, yara a bayan tankunan ruwa, kowa da baƙar bindigarsa ta roba. Kafin Sallah ta wuce rabinsu sun lalace, kuma shagonmu aka kwaso su. Usta Bashir ya buɗe ɗaya ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya ce, "Dafur ce, Idi. Famfo da jilda da susta. Sai dai ita ba ta dafa komai."

A cikin waɗanda suka kawo gyara akwai wani direban tasi, ya zo da ta ɗansa. Ya ce, "Ya Usta, ka sa mata susta mai ƙarfi. Ta ɗan maƙwabcina har rufin masallaci take kaiwa, ta ɗana ko lungu ba ta tsallakawa."

Usta ya sa masa, ya ɗura ƙwaya, ya ce, "Tayyib, ya yi. Je ka tsaya a bakin ƙofa, ka juya baya, ka ɗage jallabiyarka zuwa gwiwa."

"Esh hada, mene ne haka, ya Usta?"

"Wanda ya nemi ƙarfi shi ke fara ɗanɗanawa. Gobe a jikin ɗan wani za ta sauka."

Mutumin ya yi dariya ya tsaya. Ƙwayar ta same shi a sharaɓa, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya har bakin titi, ya dawo yana murza wurin ya ce a mayar masa da tsohuwar sustar. Daga ranar abin ya zama dokar shagon. Ba kan masu kawo gyara kaɗai ta hau ba, domin duk bindigar da za ta fita sai Usta ya fara gwada ta a sharaɓarsa. Ni ma haka nake yi har gobe, shi ya sa ba ku taɓa ganina da gajeren wando ba.

Irin taku ta manya, mai nauyi da bututun ƙarfe, wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne ya fara kawo mini ita, a naɗe cikin bargo. Lokacin Usta ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma na buɗe nawa shagon a Karantina kusa da gida. Kukan mutumin shi ne ƙwayarsa tana faɗuwa tun ba a je ko'ina ba, kuma ya riga ya yanke cewa susta ce ta gaji. Na ɗana ta na harba ina sauraro, sai na ji wani ɗan huci a ƙarshen ƙarar, irin wanda dafur ke yi in jildarsa ta bushe. Na canza jildar. Na goge bututun har ya yi ƙyalli. Akwai wata 'yar roba a gindin bututun da ke shafar kan ƙwaya in za ta fita, ta sa ta juyawa ta baya, wannan juyin shi ke riƙe ta a iska. Na daidaita ta kaɗan kaɗan, na ba shi ƙwaya mai ɗan nauyi wadda iska ba ta kaɗawa. Muka fita bayan unguwa muka gwada. Sustar ko taɓa ta ban yi ba, amma mutumin ya bi ƙwayarsa da ido har ya rasa ta.

In kuna son sanin abin da ya riƙe ni a sana'ar nan, wannan kallon ne. Ƙwayar da aka gyara wa hanya ba ta fita da haushi. Tana miƙewa fara tas a hasken yamma, ta yi tafiya a kwance kamar ta manta akwai ƙasa, can nesa ta ɗan ɗaga kai, sannan ta sauka a hankali. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, wannan kowa ya sani, nawa aikin in lallashi ƙwayar ta ɗan jinkirta. Amma lallashi yana da iyaka. In jilda ta yi daidai, bututu ya yi tsaf, juyi ya zauna, kuma har yanzu mutum yana neman ƙarin nisa, to ba abin da ya rage sai susta. Nan ne wurin da kuke gani da sauƙi. Ƙwayar da za ta kai ƙarshen fili da sauran ƙarfinta, a nan kusa tana fasa fata, tana ɓare haƙori, in ta sami ido ba gilashi kuwa sai dai a yi wa mutum jaje. Duk nisan da ka ƙara da susta, na kusa da kai ne ke ɗaukar nauyinsa a jikinsa.

Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba su cika jaka ba. Ƙananan sukudireba, filaya, hantsaki, ɗan magagari da Usta ya bar mini, da sandar goge bututu wadda nake ɗaura wa guntun tsohon harami. Man silikon nake sa wa roba. Kada wanda ya kuskura ya ɗiga mata man keken ɗinki, kumbura take yi ta lalace, na sha karɓar bindigogin da masu su suka kashe da wannan alherin. Na'urar auna gudun ƙwaya ta mai filin ce, kuma na yarda da ita, ba ta ƙarya. Ita tana faɗa mini lamba, sharaɓata tana faɗa mini abin da lambar ke nufi.

Shekarar rusau ita ce mummunar shekarata. Wata safiya muka tashi muka ga jan rubutu a bangon shagona da na maƙwabta, aka ce mu kwashe. Na zuba kayan aikina a buhun shinkafa. Mutanen da muka girma tare, waɗanda in ka yi tari a ɗakinka za su yi maka sannu daga nasu, suka watse. Wasu arewacin gari, wasu gabas bayan babbar hanya, wasu Makka, wasu ma suka tafi Najeriya da ba su taɓa gani ba sai a bakin kakanni. A shekarar da mutum ke neman inda zai shimfiɗa katifarsa ba ya tuna bindigar wasa. Na sami aiki a wani sito a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun Jidda, ina gyaran injunan matsa iska, notuna manya kamar dunƙulen hannu, har yatsuna suka fara manta ƙananan. Wata rana na koma in ga inda shagona yake. Fili ne fetal, har kana hango ƙarafunan ɗaga kaya na tashar jirage, abin da ban taɓa gani daga ƙofata ba. Na sunkuya na tona ƙasa da yatsa, sai ga ƙwayoyi rawaya, tsofaffi, rana ta cinye launinsu. Na yi baƙin ciki ƙwarai a ranar, na daɗe a tsugune kafin na tashi na nemi mota.

Mai filin nan ne ya tsamo ni. Tsohon mai kawo mini gyara ne, ya neme ni har sito, ya mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, hannunsa ya zama kafilina mai tsaya mini, ya ba ni teburin nan. Ba a daɗe ba sai ga 'yan Karantina sun fara kama filin duk Juma'a bayan La'asar. Ba yara ba ne, magidanta ne masu furfura da tumbi, su ne dai yaran nan na kan rufin gidaje. Tun da aka watse ba su da inda suke haɗuwa gaba ɗaya sai nan. Su rabu gida biyu, su sa gilashi da ragar fuska, su yi ta laɓewa a bayan tsofaffin kwantenoni da tarin tayoyi suna harbin juna suna dariya.

A cikinsu akwai Hamza, wanda muke kira Abu Maryam da sunan babbar 'yarsa. Ƙanena ne a unguwa, gidansu yana kallon namu. Ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota, har wata rana ya diro daga kanta gwiwarsa ta tafi. Bayan rusau ya koma can gabas, a wani bene da ko sunan maƙwabcinsa bai sani ba, kuma Maryam ce ke kawo shi filin a motarta. Wasan kuwa na gudu ne, shi ba ya iya gudun. Wata Juma'a bayan an tashi ya jawo kujera ya zauna a gabana.

Ya ce, "Usta, ka lura Nuhu ba ya harbina?" Nuhu abokinsa ne tun na makarantar allo. "Yana ganina a fili sai ya kau da kai, wai bai gan ni ba. Sauran ma haka. Wallahi ya Usta, ban zo nan don a tausaya mini ba. Ko in yi wasa kamar kowa, ko in zauna a gida, halas, magana ta ƙare."

Na san gidan da yake nufi, na kuma san in ya zauna a can ba mai hawa benen nan ya gaishe shi. Na ce masa me yake so. Ya nuna tudun yashin da ke ƙarshen fili, ya ce doguwar bindiga yake so, irin wadda ake ɗanawa da hannu, ya kwanta a can sama ba gudu ba tsalle, ya riƙa kaiwa ko'ina.

Na ɗauki doguwar na yi mata duk lallashin da na iya. Ta kai tsakiyar fili lafiya lau. Ya gwada ya ce bai isa ba, kwantenonin can ƙarshe yake so, domin a can ake laɓewa. Na gaya masa gaskiya, wannan sai susta mai ƙarfi, kuma dokar filin ita ce a ɗaura wa irin wannan bindiga jan ƙyalle, mai ita ya zauna a tudu, kada ya harbi duk wanda ya matso kusa da shi. Ya ce ya ji. Na sa sustar, na'ura ta nuna tana daf da iyakar da aka yarda. Na ce, "To Abu Maryam, ka san al'adar. Juya baya."

Ya dogara da teburin ya ɗage jallabiyarsa. Na ja baya daidai inda mutum zai iya ɓullo maka ba zato, na harba. Wurin ya fashe, jini ya gangaro har cikin takalminsa. Ko motsi bai yi ba. Ya leƙa ƙafar ya ce, "Gwiwar nan kullum ta fi wannan ciwo. Na yarda, ya Usta." Tun zamanin Usta Bashir ban taɓa ganin wanda ya ɗanɗana irin wannan bai ce a cire ba. Na ɗaura jan ƙyallen na miƙa masa, raina bai so ba.

Juma'ar da ta biyo aka taimaka masa ya hau tudun. A wasan nan duk wanda ƙwaya ta taɓa sai ya ɗaga hannu ya fita, ya zo rumfar da ke gefen teburina ya zauna har a gama zagayen. Ina nan ina kallo. Rana ta karkata wajen teku, hasken ya yi ja, sai ka ga farin ɗigo ya taso daga tudu ya ratsa filin gaba ɗaya ba ƙara ba komai, can sai hannu ya ɗagu a bayan kwantena. Ban taɓa ganin aikina ya yi kyau haka ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shigowa rumfa suna murza kafaɗa suna cewa Abu Maryam ya zama aljani. Aka zuba shayi, hira ta ɓarke, wane ya tuna mai tsiren bakin masallaci, wane ya tuna shekarar da ruwa ya shiga gidaje aka kwana a kan rufi. A sake zagaye, a sake cika rumfa. Shi kuwa ba wanda ya iya taɓa shi, yana can sama shi kaɗai, sai ɗan jan ƙyallen nan da iska ke kaɗawa.

A zagayen ƙarshe kafin Magariba sai laimar teku ta taso. Kun san ta, iska ta yi nauyi, riga ta manne a baya, gilashin ido ya yi hazo har ba ka ganin hannunka. Nuhu ya rantse sai ya fitar da abokinsa, ya zagaya ta bayan tudun yana rarrafe. Da ya kusa kaiwa sama gilashinsa ya rufe, sai ya yi abin da kowane ɗan Jidda ya taɓa yi ko da an hana shi, ya ɗage gilashin zuwa goshi don ya goge da bakin riga. Hamza ya ji motsin yashi a bayansa. Ya mirgina da bindigar a ɗane, bakinta ya tsaya a fuskar Nuhu, tsakaninsu bai wuce a miƙa hannu a gaisa ba.

Daga inda nake inuwa biyu kawai nake gani, sun sandare a jan sararin nan. Na miƙe tsaye. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da aka yi wa shagona jan rubutu. Can sai na ga doguwar bindigar ta sunkuya ƙasa, hannun Hamza ya ɗagu sama, shi da ba wanda ya harbe shi.

Tare suka sauko, yana dafe da kafaɗar Nuhu. Ya ajiye bindigar a teburina. Ya ce, "Yatsana yana kan kunama, ya Usta. Idon Nuhu na gani, tsirara, ba gilashi." Nuhu yana ta cewa ma'alesh, a yi haƙuri, laifinsa ne. Hamza bai kula shi ba, ya dubi rumfar ya ce, "Kuma tun La'asar ina can sama ina jiyo dariyarku, iska tana kawo mini ita guntu-guntu, ban san abin da ake wa dariyar ba. Don in zauna da mutanen nan nake sa yarinya ta ratso gari da ni. Cire sustar nan. Ba ni gajeruwa, mai taushi, irin wadda ake ba baƙi."

Na ce, "Da ita sai ka shiga tsakiyarsu, kuma da wannan ƙafar tun farkon wasa za su fitar da kai."

Ya ce, "In sun fitar da ni ina zan je?"

Na nuna masa rumfar da haɓa.

Ya ce, "To, halas." Ya juya ga Nuhu. "Kai kuma in ka sake ganina ka kau da kai, ba ni ba kai."

Yanzu duk Juma'a za ku gan shi ya shiga tsakiyar fili yana ɗingishi da 'yar gajeruwar bindigarsa, wadda ko a kusa ba ta wuce cizon sauro. Wani lokaci yakan sami mutum ɗaya kafin a same shi, ya yi mako yana ba da labari. Yawanci dai shi ne na farkon fita, kuma yawanci Nuhu ne ke fitar da shi, ba tausayi ko kaɗan. Sai ya ɗaga hannu ya taho rumfa, ya miƙe ƙafar a kan kujera, ya ɗora buta a wuta. Kafin na biyu ya iso an jera kofuna. Juma'ar da ta wuce zagaye ya yi tsawo, kowa ya fito sai Nuhu da wani suna ta laɓe-laɓe a bayan tayoyi. Hamza ya gaji da jira, ya kewaye bakinsa da tafukan hannu ya kira shi.

"Ya Nuhu, ka bari a harbe ka mana, shayi na hucewa."